Aikin auna iska daga tauraron ɗan adam: tambayoyin da ɗalibai suka fi yawan yi

Waɗannan tambayoyin su ne suke ta dawowa daga bakin ɗaliban fiziks, jogirafi da ilimin yanayi masu sha'awar shiga wannan fanni, wasu suna aji uku a jami'a, wasu sun gama bautar ƙasa suna neman inda za su dosa. An jera su daga na farko-farko zuwa masu ɗan zurfi, idan wata amsa ta dogara da wata za ka ga an nuna maka lambarta.

1. Wai shin mene ne aikin ma tukuna?

Aikin shi ne gano abin da ke cikin iskar da ta lulluɓe duniya ta hanyar na'urorin da aka ɗora a kan tauraron ɗan adam: zafinta daga ƙasa har sama, tururin ruwa, gajimare, ƙura, hayaƙi, ozon, kabon dayoksaid, mitan da sauransu. Masu hasashen yanayi su ne manyan kwastomomi, don mafi yawan awon da ke shiga kwamfutocin hasashe na manyan cibiyoyi irin su ECMWF ta Turai daga taurari yake zuwa. Sai masu binciken sauyin yanayi, masu sa ido kan gurɓatar iska, da kamfanonin jiragen sama da ke tsoron tokar dutse mai aman wuta.

2. Ta yaya na'urar da ke nisan kilomita 700 za ta auna abin da ba ta taɓa ba?

Nan ne gaba ɗaya sana'ar take, don haka a karanta wannan a tsanake. Tauraro haske kawai yake aunawa, shi kenan. Ko dai hasken rana da ya bugi ƙasa ko gajimare ya dawo sama, ko kuma zafin da ƙasa da iska suke fitarwa da kansu a matsayin hasken infirared da ido ba ya gani. Kowace irin iskar gas tana da zangon hasken da take shanyewa: ozon yana shan altirabayolet, kabon dayoksaid yana sha sosai a wajen maikiromita 15, tururin ruwa a wajen 6.7. To idan ka raba hasken da ya iso wa na'ura zango-zango ka ga inda ya rage, sai ka yi lissafi ka koma baya ka ce lallai akwai gas kaza mai yawa kaza a kan hanyar da hasken ya biyo.

Matsalar ita ce wannan lissafin komawa baya ba shi da amsa guda ɗaya. Yanayi iri-iri zai iya ba ka haske iri ɗaya, ƙura kaɗan a kan ƙasa mai haske za ta iya kama da ƙura mai yawa a kan ƙasa mai duhu, siririn gajimare kuma ya zo ya dagula komai. Kamar mutum ne a bayan katanga yana jin ƙamshin miya yana so ya faɗi yawan daddawa da tattasai da aka sa. Dole ka shigo da abin da ka riga ka sani game da yanayin wurin, ka haɗa da abin da na'ura ta gani, sannan ka faɗi iya kuskuren da ke cikin amsarka. Clive Rodgers na jami'ar Oxford shi ya daidaita hanyar lissafin da akasarin masu wannan aiki suke bi har yau, kuma duk ɗalibin digirin digirgir a fannin sai ya yi karo da sunansa ko yana so ko ba ya so.

Akwai kuma na'urori masu aika nasu hasken su jira dawowarsa, wato rada da lida mai harba leza. Tauraron CALIPSO da aka harba a 2006 lida yake ɗauke da ita, shi ya nuna tsayin da ƙura take tashi a sama.

3. Ba shi ne GIS ɗin (haɗa taswira da bayanai a kwamfuta) da muke yi a sashen jogirafi ba?

'Yan uwa ne amma kowa da gidansa. Mai taswirar gonaki ko dazuzzuka da hotunan tauraron Landsat ƙasa yake son gani, iska a wajensa datti ce da ke tsakaninsa da abin da yake nema sai ya yi ƙoƙarin cire ta. Mu kuma wannan dattin shi muke nema, ƙasar ce ke damun mu. Wanda ya iya GIS yana da abin farawa don ya saba da hotuna da taswira, amma sai ya ƙara fiziks da lissafi (duba tambaya ta 5).

4. Sai mutum ya je sararin samaniya?

A'a sam. Kusan duk masu aikin nan a ofis suke gaban kwamfuta, wasu a ɗakin gwaji inda ake haɗa na'ura, ranar harbi ma yawancinsu a allo suke kallo kamar kowa. Abin da ya kamata ka sani shi ne taurarin kala biyu ne. Akwai masu tsayuwa a saman wuri guda a nisan kusan kilomita 36,000, irin su Meteosat na hukumar EUMETSAT da ke Darmstadt a Jamus, wanda yake kallon Afirka da Turai ba dare ba rana, na'urarsa SEVIRI tana ɗaukar hoto duk minti 15, sabon da aka harba a Disambar 2022 kuma duk minti 10. Akwai kuma masu zagaye ta ƙuryar arewa da ta kudu a nisan kilomita 700 zuwa 800, irin su Terra (1999), Aqua (2002) da Aura (2004) na NASA, su suna ganin duniya baki ɗaya amma sau ɗaya ko biyu kawai suke ratsa garinku a rana.

5. Me ya kamata in karanta a digirin farko?

Fiziks ya fi kai mutum kai tsaye, sai ilimin yanayi, lissafi, injiniyan lantarki, kemistiri ga masu son ɓangaren gas. Sunan kwas ɗin bai kai abin da ka fito da shi muhimmanci ba. Abubuwa uku ne ba gudu ba ja da baya: yadda haske ke ratsa iska, aljabara ta matiriks da kididdiga, da rubuta manhaja. Yanzu Python ne ya mamaye ko'ina amma manyan manhajojin da ke sarrafa bayanan taurari da yawa har yanzu Fortran ne, tsofaffin malamai kuma za ka same su da IDL ko MATLAB. Ka koyi Linux tun da wuri don duk manyan kwamfutocin bincike a kansa suke. Ni dai a ganina ɗalibin jogirafi da ya dage ya koyi kodin ya fi ɗalibin fiziks mai sakamako na ɗaya da bai taɓa buɗe fayil ɗin NetCDF ba, wato irin fayil ɗin da bayanan taurari suke yawan zuwa a cikinsa.

6. Yaya ranar aikin mutum take kasancewa?

Gaskiya babu wani armashi irin na fim. Za ka sauke fayiloli masu nauyi, ka tace inda gajimare ya rufe, ka gudanar da lissafi, ka zana, ka ga wani abu baƙo a taswira, sannan ka ɓata sati biyu kana binciken ko abin gaske ne ko kuwa na'ura ce ta fara tsufa ko kai ne ka juya latitud da longitud. Sau da yawa na biyu ne ko na uku.

Bayanan ma mataki-mataki suke. Mataki na 0 ɗanyen lambobi ne daga na'ura, na 1 an mai da su awon haske, na 2 an ciro abin da ake nema misali yawan ozon a kowane ɗigo, na 3 an tattara su a taswirar wata ko shekara. Wasu masana duk rayuwarsu tsakanin mataki na 0 da na 1 suke, suna daidaita na'ura, ba a cika jin sunansu ba alhali in suka yi kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari duk wanda ke bayansu ya ɓata. Sauran lokacin kuma rubuta takardu ne, neman kuɗin bincike, tarurruka da duba aikin ɗalibai.

7. Su wa suka buɗe wannan hanya?

Verner Suomi na jami'ar Wisconsin shi ake kira uban ilimin yanayi na tauraro. Ya ɗora na'urar auna zafin da duniya ke fitarwa a kan Explorer 7 a 1959, tun kafin a harba TIROS-1, tauraron yanayi na farko da ya yi nasara, a ranar 1 ga Afrilun 1960. A 1966 kyamararsa a kan ATS-1 ta sa aka fara kallon motsin gajimare daga nesa a jere. Ya rasu a 1995, tauraron da aka harba a 2011 aka sa masa suna Suomi NPP.

Bayansa akwai Moustafa Chahine, haifaffen Lebanon, da ya jagoranci na'urar AIRS a kan Aqua. Akwai Yoram Kaufman na cibiyar Goddard ta NASA da ya yi fice a auna ƙura da hayaƙi da na'urar MODIS ta kan Terra da Aqua, ya rasu a 2006 bayan mota ta buge shi yana kan keke. Ga 'yan uwa mata masu tambayar ko fannin na maza ne kawai, Pieternel Levelt 'yar Holan ita ta jagoranci na'urar OMI ta kan Aura kuma tana cikin waɗanda suka assasa TROPOMI, na'urar da aka harba a Oktoban 2017, wadda taswirorinta suka zagaye duniya a 2020 lokacin kullen korona da aka ga hayaƙin motoci da masana'antu ya ragu a Chaina da arewacin Italiya. Christina Hsu ma za ka ji sunanta a tambaya ta 10.

8. Shekara nawa mutum yake yi a kan tauraro guda?

Wannan tambayar ya kamata kowa ya yi wa kansa kafin ya shiga. John Burrows na jami'ar Bremen ya gabatar da shawarar na'urar SCIAMACHY a 1988, ba a harba ta ba sai Maris 2002 a kan tauraron Envisat, ta yi aiki har Afrilun 2012 da tauraron ya daina magana kwatsam. Ka lissafa da kanka, shekara 14 na jira, 10 na aiki, kuma har yanzu ana sake sarrafa bayananta. Mutum ya shiga yana matashi ya fito da furfura a kan na'ura ɗaya ko biyu.

Kuma wani lokacin ma abin ba ya isa sama. A ranar 24 ga Fabrairun 2009 aka harba OCO, tauraron NASA na auna kabon dayoksaid da David Crisp ya jagoranta, murfin rokar ya ƙi buɗewa, tauraron ya faɗa teku kusa da Antatika. Sai 2014 aka harba magajinsa OCO-2. A 2011 irin wannan matsalar ta murfi ta sake cinye tauraron Glory. Ɗaliban da suka tsara digirinsu a kan waɗannan bayanai dole suka sauya batu. Shi ya sa malami mai hankali ba ya ɗora ɗalibinsa gaba ɗaya a kan tauraron da bai tashi ba.

9. Da gaske ne taurarin NASA ba su ga ramin ozon ba sai da 'yan Ingila suka gano shi daga ƙasa?

Akwai gaskiya a ciki amma ana ƙara gishiri. A watan Mayun 1985 Joe Farman, Brian Gardiner da Jonathan Shanklin na hukumar binciken Antatika ta Birtaniya suka wallafa cewa ozon yana raguwa matuƙa a saman tasharsu ta Halley duk watan Oktoba, da tsohuwar na'urar ƙasa suka auna. A lokacin kuwa na'urar TOMS tana sama a kan Nimbus-7 tun 1978. Ta ga raguwar, amma manhajar an tsara ta ne ta sa alamar tuhuma a kan duk awon da ya yi ƙasa da 180 a ma'aunin Dobson, wato ma'aunin yawan ozon, don babu wanda ya zaci ozon zai sauka haka. Masanan NASA sun lura da alamun suna kan binciken ko na'ura ce ta samu matsala aka riga su wallafawa. A Agustan shekarar Pawan Bhartia ya nuna taswirorin tauraro a wani taro a Prague, a nan aka ga ramin ya kai faɗin nahiyar, ba tasha ɗaya ba ce. Shekara biyu bayan nan aka sa hannu a yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta rage sinadaran da ke lalata ozon.

Dalilin da ya sa ake yawan ba sababbin ɗalibai wannan labarin shi ne abin da aka faɗa a tambaya ta 2, abin da ka riga ka ɗauka game da yanayi yana cikin lissafinka, ranar da yanayi ya saɓa masa kuwa manhajarka za ta ce maka kuskure ne.

10. Wannan fanni yana da wata alaƙa da hazon hunturu da muke sha?

Sosai ma, kusan a ce muna zaune a bakin babban ɗakin gwajin ƙura na duniya. Kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon babban tafkin Chadi, shi ne wuri guda da ya fi ko'ina tada ƙura a duniya. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta ƙara gudu, ta kwashi farar ƙasar wurin wadda ragowar ƙananan halittun ruwa ce, ta nufo Nijar da arewacin Najeriya. Tun kafin taurari masu hasashe sukan sa ido kan rahoton garin Faya-Largeau da ke arewacin Chadi, in an ce gani ya ragu a can sai su san hazo na tafe. Yanzu a hotunan Meteosat da aka haɗa daga zangunan infirared ƙurar tana fitowa da launin hoda, za ka iya bin ta tun daga tashinta, har cikin dare.

Ganin ta daban, auna yawanta daban. Hanyar farko ta MODIS tana bukatar ƙasa mai duhu a baya kamar daji ko teku, a kan hamada mai haske kuwa sai ta makance, shekaru taswirorin suna da farin gurbi a daidai inda ƙurar take fitowa. Christina Hsu da abokan aikinta a Goddard suka fito da hanyar Deep Blue a 2004, wadda ke amfani da shuɗin haske inda hamada ba ta cika ƙyalli ba. Daga bayanan CALIPSO kuma Hongbin Yu da tawagarsa suka kiyasta a 2015 cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin Afirka ta yamma duk shekara, kusan miliyan 28 na sauka a yankin Amazon. Ko nawa ne daga ciki ya fito daga Bodele kuwa masana sun yi ta ja-in-ja, wani binciken na baya ya fi karkata ga yammacin Sahara. Ga masu sha'awar ɓangaren lafiya, lokacin ƙura da bushewar iska shi ne lokacin sankarau a Sahel, ana kuma amfani da hasashen ƙura wajen gargaɗi.

11. To ta yaya ake sanin tauraro bai yi ƙarya ba?

Ana gwada shi da awon ƙasa, da balan-balan, da jiragen sama. Na ƙura da hayaƙi akwai AERONET, jerin ƙananan na'urori masu bin rana suna auna yadda haskenta ya dushe, akwai ɗaya a jami'ar Ilori, akwai a Banizumbu kusa da Yamai. A 2006 lokacin babban shirin AMMA na binciken damunar Afirka ta Yamma an kawo tashar awo ta tafi-da-gidanka daga Amurka ta yi shekara a Yamai. Amma in ka kalli taswirar tashoshin za ka ga Turai da Amurka cunkus, mu kuma ɗai-ɗai, don haka hanyoyin lissafi da yawa an gwada su ne a iskar wasu ƙasashe sannan aka ɗora a kan tamu, wadda ke cakuɗe da ƙura da hayaƙin ƙonan daji a lokaci guda.

A nan nake ganin ƙofar ɗalibinmu ta fi buɗewa. Wanda zai riƙe na'ura ɗaya shekara biyar yana goge ta yana rubuta ranar da wuta ta ɗauke, manyan tawagogi za su neme shi.

12. Zan iya farawa daga gida ba tare da kuɗi ba?

Eh, bayanan NASA da na shirin Copernicus na Turai kyauta ne, rijista kawai. Ka fara da shafin Worldview na NASA ka kalli hoton jiya na garinku, sai shafinsu na Giovanni da ke zana maka jadawali ba tare da ka sauke komai ba. Shirin ARSET na NASA yana horarwa kyauta ta intanet, EUMETSAT ma tana da horo na musamman don Afirka. Abin da zai ci maka kuɗi shi ne data da wuta don fayilolin suna da nauyi, shi ya sa Google Earth Engine yake da amfani, lissafin a kwamfutocinsu ake yi kai sakamako kawai kake saukewa. Laftof mai matsakaicin ƙarfi ya isa.

13. Ina ake karatun gaba da digiri?

A Najeriya jami'ar fasaha ta tarayya da ke Akure tana da sashen ilimin yanayi mai daɗewa kuma a can shirin WASCAL yake da digirin digirgir kan yanayin Afirka ta Yamma. A Ile-Ife akwai cibiyar ARCSSTE-E mai alaƙa da Majalisar Ɗinkin Duniya da ke koyar da kimiyyar sararin samaniya. Yamai kuwa, abin da mutane da yawa ba su sani ba, cibiya ce babba a wannan harka: akwai cibiyar yanayi da noma ta AGRHYMET tun 1974, ga cibiyar yanayi ta Afirka ACMAD, ga makarantar EAMAC mai horar da ma'aikatan yanayi da na jiragen sama, sai dai Faransanci zai taimaka maka ƙwarai. A waje akwai Bremen, Reading, Leicester, Delft, Wisconsin, Maryland, da cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya mai difloma ta shekara guda ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa. Lokacin rubuta wa malami wasiƙa ka haɗa da ɗan aikin da ka yi da kanka (tambaya ta 15), wasiƙar "ina da sha'awa" kawai suna samun irinta rututu.

14. Bayan karatu a ina ake samun aiki, kuma ana samun abin kai wa bakin salati?

Hukumomin yanayi irin su NiMet, hukumar sararin samaniya NASRDA wadda ke da cibiyar binciken iska a Anyigba, jami'o'i, cibiyoyin yanki da aka ambata a sama, sai kamfanonin inshorar noma masu dogara da kiyasin ruwan sama na tauraro da masu bin yoyon mitan a harkar mai. Ba sana'ar yin arziki ba ce, a waje ma bayan digirgir mutum yakan yi shekaru yana kwantiragin shekara biyu ko uku daga wannan ƙasa zuwa waccan kafin ya samu na dindindin, mai iyali ya yi wannan lissafin tun da wuri. Abin da ke rage fargaba shi ne wanda ya iya sarrafa bayanai masu yawa ba ya rasa wurin zuwa in ya bar bincike.

15. Wane ɗan aiki zan ɗauka na furojet don in gwada kaina?

Ka ɗauki abu ƙarami da za ka iya tantancewa. Misali ka ɗebo awon kaurin ƙura na Deep Blue a saman Kano ko Maiduguri daga Nuwamba zuwa Maris na shekaru goma, ka kwatanta da rahoton nisan gani na filin jirgi, ka ga ranakun da suka yarda da juna da waɗanda suka saɓa, sannan ka nemi dalili, wataƙila ƙurar tana can sama ba ta sauko ba, tauraro ya gan ta mutumin ƙasa bai ji ta ba. Ko ka ɗauki kiyasin ruwan sama na TAMSAT na jami'ar Reading, wanda ke dogara da tsawon lokacin da gajimare mai sanyin kai ya daɗe a saman wuri, ka gwada shi da ma'aunin ruwan sama na wata tasha kusa da kai a damuna uku. Mai son gas kuma ya duba naitirojin dayoksaid na TROPOMI a saman Legas da Kano, rani da damina. Kowanne ka zaɓa ka ajiye kodin ɗinka a shafin GitHub, ka rubuta sigar bayanan da ka yi amfani da ita da ranar da ka sauke, don hukumomin suna sake sarrafa bayanai lokaci-lokaci kuma lambobin sukan ɗan sauya.